Kafa Reshen Ƙungiyar Ɗalibai: Aikin Masu Haƙuri

Ba sai an koya wa mutanen Yakité haɗa kai ba. A can da sauran unguwannin Kilomita Biyar na birnin Bangui, kamar ko'ina Bahaushe ya yada zango, mata suna da adashinsu, masu sana'a ɗaya sun san babbansu, samari suna da majalisa da kulob ɗin ƙwallo, in kuwa aka yi rasuwa, kafin a dawo daga maƙabarta an san hannun da gudummawa za ta shiga. Sai dai duk wannan haɗuwar mazauna ce. Wanda ya shiga ƙungiyar 'yan kasuwa yana saurayi, a cikinta zai yi furfura. Ƙungiyar ɗalibai ba haka take ba. Ranar da yaro ya shige ta an riga an san ranar fitarsa: shekara uku idan digirin farko yake yi a Jami'ar Bangui, huɗu ko biyar idan a Zariya ne ko Kano. Shugaba zai tafi, ma'aji zai tafi, wanda ya san inda hatimi yake shi ma zai tafi. Shi ya sa nake ganin girman ɗalibin da ya iya tara 'yan'uwansa ya kafa reshe, ya sa hukuma ta amince da shi a rubuce, sannan reshen ya ci gaba da motsi bayan shi ya karɓi takardarsa ya koma gida. Gwaninta ce ta gaske, kuma babu ajin da ake koyar da ita.

Amurkawa sun daɗe a kan wannan aiki har sun yi masa matakai. A 1776 ɗaliban Kwalejin William da Mary ta jihar Bajiniya suka kafa Phi Beta Kappa, a 1825 aka kafa Kappa Alpha a Kwalejin Union ta jihar New York, daga nan ƙungiyoyin 'yan'uwantaka masu sunan haruffan Girkanci suka bazu a makarantun ƙasar. Baƙaƙen fata da aka rufe wa ƙofa suka kafa nasu, Alpha Phi Alpha a Jami'ar Cornell a 1906, da Phi Beta Sigma a Jami'ar Howard a 1914. Ta biyun ce Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah suka shiga sa'ad da suke karatu a Amurka. A 2013 kuma ɗalibai Musulmi a Jami'ar Texas da ke Dallas suka kafa Alpha Lambda Mu, wato Alif Lam Mim, don su sami zumuncin ba tare da giya ba. A tsarinsu ba a wayar gari a ce an buɗe reshe. Masu sha'awa za su nemi yardar ɓangare biyu, jami'ar da suke ciki da hedikwatar ƙungiyar ta ƙasa. Idan an yarda, sai a ba su matsayin reshen gwaji na shekara ɗaya ko biyu, a zuba ido a ga ko za su kai adadin mambobin da aka gindaya, ko makinsu na jarrabawa zai tsaya, ko suna biyan kuɗin ƙa'ida, ko sun sami tsofaffin mambobi masu kula da su. Bayan nan ne za su rubuta takardar roƙo, shugabannin ƙasa su jefa ƙuri'a, a miƙa musu takardar kafuwa ɗauke da sunayen waɗanda suka assasa reshen.

A Najeriya labarin ya rabu gida biyu tun daga tushe. A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa Pyrates a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, kuma adalci ne a faɗa cewa ba don ta'asa suka kafa ta ba. Ƙabilanci da girman kai da kwaikwayon Turawa ido rufe suke yaƙa. Amma daga 1972 aka fara ɓallewa, Buccaneers ta fito, a 1977 wata ta ɓulla a Jami'ar Benin wadda aka sani da Black Axe, wasu suka biyo baya, rantsuwar dare da makami suka maye gurbin muhawara. Ita kanta uwar Pyrates ta janye daga makarantu a 1984. Ranar 10 ga Yuli 1999 'yan ƙungiyar asiri suka afka wa ɗakunan kwanan Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife suka kashe ɗalibai biyar, har da sakataren ƙungiyar ɗaliban jami'ar, George Iwilade.

Ɗaya hanyar ta fara ne ranar 18 ga Afrilu 1954, lokacin da ɗaliban sakandare Musulmi a Legas suka kafa ƙungiyar da yau kowa ke kira MSS, Abdul-Lateef Adegbite ya zama shugabanta na farko. Shekara uku bayan haka, a 1957, aka kafa FCS ta ɗalibai Kirista a Gindiri. Waɗannan da rana tsaka suke taronsu, ƙofa a buɗe, kuma da rassa suka yaɗu, makaranta bayan makaranta, har suka cika Arewa. MSS tana da Shiyyar A ta Arewa da Shiyyar B ta Kudu, ƙarƙashinsu jihohi, sannan yankuna, sannan rassan makarantu, kowanne da Amir da Amira. Duk wanda ya yi karatu a Samaru ko Kongo da ke Zariya, ko a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, ya ga aikinsu: darasin taimako kafin jarrabawa, tarbar sababbin ɗalibai, buɗe-baki da azumi, kai mara lafiya asibiti da tsakar dare. A gefensu akwai ƙungiyoyin 'yan asalin jiha irin su NAKSS ta 'yan Kano, masu bin sawun tallafin karatu, da na sashe da tsangaya, da na ɗaliban da suka zo daga Nijar da Chadi da Kamaru.

Dole mai son kafa reshe ya san wannan tarihi, domin shi ne ke zaune a zuciyar jami'in da zai karɓi takardarsa. Sashe na 40 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya, amma sashe na 38, ƙaramin sashe na 4, ya ce babu wanda ke da 'yancin kafa ƙungiyar asiri ko shiga cikinta. Tun 1989 kuma akwai dokar da ta ba hukumomin makarantu ikon sa ido a kan ƙungiyoyin ɗalibai da rushe wadda ta zama barazana. Idan Shugaban Sashen Harkokin Ɗalibai ya tsananta tambaya, ba ƙiyayya ba ce. Ya ga abin da ya gani. Gwani yakan amsa tambayoyin tun kafin a yi su.

Aikin yana farawa ne da zaɓen mutane, kuma a nan ake gane mai basira. Sabon shiga yakan tara abokansa na aji ɗaya, don su ne yake jin daɗin zama da su. Gwani kuwa yana ƙirga shekaru. Ya san idan duk waɗanda suka kafa reshe 'yan ajin ƙarshe ne, rana ɗaya za su fita, reshen ya bi su. Sai ka ga yana zagaya ɗakunan 'yan aji ɗaya da aji biyu, yana neman yarinyar da ba ta makara, da yaron da in an ba shi saƙo yakan dawo da amsa. Ba yawa yake nema ba. Mutum goma sha biyar da za su zo taro ranar da ake ruwan sama sun fi masa ɗari biyu da suka rubuta suna a WhatsApp. Daga cikinsu ake fitar da kwamitin riƙo, a faɗa musu a fili cewa riƙo ne, zaɓe na nan tafe. Wannan magana guda tana kashe rigimar da ta rusa rassa da yawa, inda wanda ya kawo shawarar kafawa yake ganin kujerar ta zama gadonsa.

Idan reshen wata uwar ƙungiya ne, sai a je a gaishe ta tun da wuri. A rubuta wa shugabannin jiha ko na yanki, su turo wakili ya ga mutanen da idonsa, su ba da takardar amincewa da kwafin kundinsu. Ba a ɗaukar suna da tambarin mutane a buga a takarda sannan a je neman izini.

Sai kundin tsarin mulki, wanda a ganina nan ne zuciyar sana'ar. Da yawa suna ɗauko na wata ƙungiya su canza suna kawai, kuma jami'in da ya karanta irinsa ɗari yakan gane tun a shafin farko. Mai gwaninta yana zama da mutanensa ne su bi shi saɗara-saɗara, suna tambayar kansu: ranar da muka saɓa, me wannan takarda za ta ce? Manufa ba ta wuce uku ko huɗu, kuma waɗanda ɗalibi mai ɗan kuɗin abinci zai iya cikawa. A fayyace wa zai iya shiga, a rubuta ƙarara cewa babu rantsuwar ɓoye, babu wahalar da sabon mamba, kuma mai son fita ya fita lafiya. A faɗi mutum nawa ne za su hallara kafin taro ya zama taro. A sa lokacin zaɓe a zango na biyu, da sauran makonni kafin jarrabawa, don tsofaffin shugabanni su kasance suna nan lokacin da sababbi ke koyon aiki. A raba ma'aji da sakataren kuɗi, mai riƙewa daban, mai rubutawa daban, a sa mai binciken kuɗi wanda ba ya cikin majalisar zartarwa. A ce kuɗi ba za su fita daga asusu ba sai da sa hannun mutum biyu. A tanadi hanyar sauke shugaban da ya kauce, tare da ba shi damar kare kansa. Kundi kamar ginin bakin rijiya yake, ba ya ƙara ruwa ko ɗigo, amma shi ke hana ƙasa ruftawa ciki.

Akwai wani abu da ba kasafai ake rubuta shi ba, amma masu hangen nesa suna kiyaye shi: kada sakatare ya zama ɗan ajin ƙarshe. A bar wannan kujera ga wanda zai sake shekara a makaranta, domin shi ne zai ɗauki tarihin reshen ya haye da shi.

Galibin jami'o'in Najeriya ba sa yi wa ƙungiya rajista sai tana da uba daga cikin malamai, wanda zai sa hannu cewa ya san yaran kuma zai sa musu ido. Ɗalibai sukan ruga wurin farfesan da ya fi suna, wanda rabin shekara yana tafiye-tafiye. Gwani yana neman malamin da ofishinsa ke buɗe, mai karanta abin da aka ba shi kafin ya sa hannu. Ba a tare shi a bakin aji. Mutum biyu ko uku ne za su je da shiga ta kamala, a yi sallama, a gaisa sosai, sannan babbansu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wata alfarma muka zo nema." Idan ya ce, "Ku bar min kundin, ku dawo mako mai zuwa," to an dace da uba. Ya kamata ɗalibai su gane nauyin abin da suke roƙo: mutumin nan sunansa da aikinsa yake jinginar musu, ranar da wani abu ya ɓaci shi za a fara kira. Hakkinsa ne a riƙa sanar da shi kafin a yi abu, ba bayan an yi ba.

Daga nan fayil ya nufi Sashen Harkokin Ɗalibai: takardar nema, kwafin kundi, sunayen shugabanni da lambobinsu na ɗalibta da sassansu da hotunansu, takardar uban ƙungiya, takardar uwar ƙungiya, jadawalin abin da ake son yi a shekara, da rasit na kuɗin rajista. Makarantu da yawa suna duba makin masu riƙe da muƙami, kuma sukan tura sunaye sashen tsaro a tantance. Nan ne haƙuri ke aiki. Mai wayo ba ya miƙa takarda sai ya riƙe kwafi an buga masa hatimin karɓa da kwanan wata. Ya san sunan akawun da fayil ke hannunsa, yana gaishe da masinja kamar yadda yake gaishe da shugaban sashe, yana leƙowa a kai a kai ba tare da ya zama fitina ba. In an dawo da kundi an ja layi a wani wuri, ba ya hawa dokin zuciya, gyarawa yake ya mayar. Kuma duk tsawon jiran nan ba ya manna sanarwa a bango, ba ya karɓar kuɗin kowa da sunan ƙungiya, ba ya kiran taro a ɗakin lacca ba da izini ba. Rassa nawa ne suka mutu tun kafin haihuwa saboda zumuɗin buga fosta!

Reshen makaranta ba ya bukatar zuwa Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC, wannan aikin uwar ƙungiya ne ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Su ne ke naɗa amintattu a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, su buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi.

Ga ɗan Yakité da ke karatu a gida, hanyar ta ɗan bambanta, ko da yake ruhin aikin ɗaya ne. Jami'ar Bangui, wadda aka kafa a 1969, tana da babbar ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, ANECA, kuma ɗalibai a wannan birni ba abin rainawa ba ne: zanga-zangar 'yan makaranta ta Janairun 1979 da jinin da aka zubar a cikinta suna daga abin da ya kawo ƙarshen mulkin Bokassa a watan Satumban shekarar. Ƙungiyoyi a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya suna ƙarƙashin dokar 27 ga Mayu 1961, kamar yadda na Nijar suke ƙarƙashin dokar 1 ga Maris 1984. A tsarin ƙasashen da Faransa ta raina, komai yana rataye ne a kan babban taron kafuwa. A ranar ake karanta kundi da dokokin cikin gida a amince da su, a zaɓi shugabanni, a rubuta rahoton taron kowa ya sa hannu, sannan a kai wa ma'aikatar da ke kula da mulkin cikin gida, a jira takardar shaida. Da Faransanci ake rubuta duk wannan, alhali da Sango da Hausa da Fulatanci da Larabcin Chadi ake tattaunawa a unguwa. Saboda haka sakataren da zai saurari gardamar da aka yi da harshe uku ya mayar da ita shafi biyu na Faransanci mai tsabta, ba tare da ya ci amanar kowa ba, dukiya ne babba, a riƙe shi da kyau.

Kuma a nan takardar amincewa tana da wani nauyi na daban. Tun daga Disambar 2013 Kilomita Biyar ta zama mafakar Musulmin da suka rage a Bangui, dubbai suka tsallaka Chadi da Kamaru, 'yan kilomitocin da ke tsakanin unguwa da jami'a suka zama tafiya mai haɗari, karatun yara da yawa ya yanke. Har Fafaroma Francis sai da ya zo babban masallacin unguwar ranar 30 ga Nuwamba 2015 don kiran zaman lafiya. Inda aka sha irin wannan, samari ashirin da ke taruwa a ɗaki kowane mako abin zargi ne ga wanda bai san su ba. Ranar da suke da suna a rajista, da kundi da kowa zai iya karantawa, da malamin da ya tsaya musu, sun zama mutanen da za su iya neman ganin shugaban tsangaya a kan ɗalibin da takardar haihuwarsa ta ƙone, a saurare su. Shawarata ga masu irin wannan niyya ita ce su buɗe ƙofar ga ɗaliban unguwa duka, Musulmi da Kirista, in dai ba ƙungiyar ibada suke kafawa ba. Hakan ya fi sauƙin samun amincewa, kuma ya fi amfani ga unguwar.

Ranar ƙaddamarwa tana da daɗi: wakilin uwar ƙungiya ya zo, uban ƙungiya ya yi nasiha, an rantsar da shugabanni, an sha lemo. Amma rajistar jami'a ta shekara guda ce, kowace sabuwar shekarar karatu sai an sabunta ta, da rahoton abin da aka yi da bayanin kuɗi. Jarrabawar gaske tana zuwa ne lokacin da ba a shirya mata ba. Yajin aikin malaman jami'o'in Najeriya na 2020 ya ɗauki wata tara, na 2022 ya ɗauki wata takwas. Da aka dawo, wasu rassan sai suna, shugabanni sun watse, babu wanda ya san nawa ke asusu. Waɗanda suka tashi da ƙafafunsu su ne masu littafin rahoton taro da ba a tsallake shafi ba, masu rasit ga kowace naira, masu 'yan ƙananan aji da aka riga aka saba ba su aiki.

Miƙa mulki shi ne aiki na ƙarshe, kuma gwanaye ba sa yin sa a tsaye a bakin ƙofa. Ana zama ne da tsofaffi da sababbi da uban ƙungiya, a buɗe fayil a bi abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya: asalin takardar rajista, kundi da duk gyaran da aka yi masa, littafin rahoto, littafin kuɗi, hatimi, kalmomin sirri na imel da shafukan ƙungiya, bashin da ake bin reshe da wanda yake bi. A rubuta wa banki takardar canza masu sa hannu tun tsofaffin suna gari, don in sun tafi bautar ƙasa nemo su aiki ne. A cika fom ɗin sabunta rajista tare. Sannan tsohon sakatare ya kama hannun sabo ya kai shi Sashen Harkokin Ɗalibai, ya gabatar da shi ga akawu da masinja da sunansa, ya nuna masa teburin da ake ajiye fayil da ranar da shugaban sashe ya fi zama a ofis.